Waɗanda Aka Bari a Bayan Taga

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Garba makwancinsa a Kaura Namoda. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, malamin tarihi a sakandare. Ni ɗan kasuwar hatsi ne, ba marubuci ba. Amma ranar Alhamis mai zuwa akwai zaman da aka gayyace ni, kuma tun da goron ya iso, shi kaɗai nake gani a idona.

Na zauna a ajinsa, don haka ba labari aka ba ni ba. Duk shekara in aka zo kan sarakunan Turai, sai ya sa a haɗa tebura a tsakiyar aji. Ya ce bayan Faransawa sun fille kan sarkinsu, an shafe shekara ashirin da wani abu ana yaƙi, har kowa ya gaji. Sai sarakuna da wazirai suka taru a babban birnin Austiriya don raba ƙasashe. Da rana a ja layi a taswira, da yamma a yi liyafa da rawa. Wannan ya ce a ba shi rayuka kaza, wancan ya ce a ƙara masa kaza, kamar masu rabon awaki.

Yakan zaɓi ɗalibai biyar su zama manyan, ya zaunar da su a teburin. Sauran ya ba kowa sunan gari a guntuwar takarda, ya kora mu waje, mu tsaya bayan taga cikin rana muna kallo. Shekarar da ta faɗo kaina, ina ji ina gani wani Bala mai ƙaton kai, wanda ko jimla ba ya iya haɗawa, ya ɗauki garina ya miƙa wa na kusa da shi, suna dariya. Na yi magana, ba wanda ya waiwayo. Na ɗaga murya, Yaya ya ce na waje ba su da baki. Wallahi ban san sa'ad da na cire takalmina na jefa ta tagar ba. Ya sami Bala a kunne.

Na ɗauka zan sha bulala. Yaya ya duba agogonsa kawai, ya ce, "Minti ashirin. Kun ga yadda ake yin ɗan tawaye." Sannan ya faɗa mana cewa bayan shekara talatin da 'yan kai wutar ta sake tashi a Turai, har babban wazirin da ya shirya zaman sai da ya tsere daga garinsa a ɓoye. A gida na kwana uku ban gaishe shi ba, shi kuwa yana ta kirana Sarkin Takalmi har Allah ya karɓi ransa.

Allah ya yi masa gata, bai ga abin da muke gani ba. Bai ga hanyar Shinkafi ta zama wadda ake yin sallama da iyali kafin a hau ba. Bai ga gonakin Zurmi sun koma daji, gero ya nuna ba mai yanka ba. Yanzu an ce za a yi sulhu da mutanen daji, kuma ana son dattawan kasuwa su zauna. Na ga abin da aka tsara: a buɗe babbar hanya, motoci su wuce, garuruwan bakin kwalta su huta. Ƙauyukan da ke hayin gulbi ba a ambace su ba, ba a kuma kira kowa daga can ba. Kowa ya san ma'anar wannan shirun. Ɗan dajin da aka hana shi hanya ba azumi zai yi ba, can zai juya.

A ɗaya daga cikin ƙauyukan nan, bayan Katuru, Hajara take aure, ɗiyar Yaya ta fari, da 'ya'yanta huɗu. Shekaranjiya ta kira ni, ta ce, "Baffa, an ce za a yi sulhu. Mu ma muna ciki?" Na ce mata Allah yana nan. Ta ce, "To, Baffa." Kunya ta rufe ni, don ta gane.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ina son hanyar nan ta buɗe. Motata wata biyar tana tsaye, direbana ya koma tuƙa keke mai ƙafa uku. Abokaina sun ce in kama bakina, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, in na ta da maganar hayin gulbi zaman zai watse, kowa ya rasa. Wani ma ya ja ni gefe ya tuna mini cewa baki shi ke yanka wuya, kuma ba ka san kunnen wa ke zaune kusa da kai ba. Ina jin tsoro. Ai bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Da Yaya yana raye, na san ba wa'azi zai yi mini ba. Zai kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Sarkin Takalmi, yau kai ne a tebur?"

Bai bar gida mai bene ba, littattafansa ma gara ta cinye rabi. Abin da ya bar mini tsayuwar nan ce ta bayan taga, har yau ina jin zafin ranar a ƙeyata. Na aika wa Isa, mijin Hajara, ya zo Laraba ya kwana a gidana. Tare za mu je. In an ce ba kujerarsa, zan ba shi tawa. In an ce ya tsaya waje, na san wurin.

Allah ya jiƙan Yaya Garba, ya sa ya huta. Ni minti ashirin na yi a waje, kuma takalmi ne a hannuna. Samarin hayin gulbi sun shekara goma suna tsaye, kuma ba takalmi ake sayarwa a dajin nan ba.