Mai-fenti da Duniyoyi Takwas na Layinmu

Babanmu mai rubuta allon shaguna ne. Shekara talatin da 'yan kai ya yi a wata 'yar rumfa da ke tsakiyar layinmu, tsakanin mai aski da mai gyaran rediyo. Kowa Mai-fenti yake ce masa, har Umma idan ranta ya ɓaci. Karatunsa bai wuce aji huɗu ba, amma hannunsa ba ya rawa. Zai ja layi daga wannan kusurwar bango zuwa waccan ba tare da ma'auni ba, a zo a gwada a tarar daidai yake. Warin kananzir da yake wanke buroshi da shi kan riga shi shiga gida. Mutum ne mai sauƙin kai, aibinsa ɗaya, ba ya son a gyara masa aiki.

Wata shekara makarantar da ke farkon layin ta kira shi ya zana duniyoyin da ke kewaya rana a bangon ajin kimiyya. Kwana biyu ya gama. Ya jera ƙwallaye takwas, girmansu ɗaya, kamar lemu a faranti, kowanne da launinsa mai ɗaukar ido. Malamar ajin, wata siririya mai tabarau da ba ta daɗe da fara aiki ba, ta tsaya ta yaba hannunsa sosai, sannan ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, aikin ya yi kyau, sai dai ba haka suke ba." Ta ce babbar cikinsu za ta haɗiye irin duniyarmu fiye da dubu, tazarar da ke tsakaninsu kuwa babu bangon da zai ɗauka.

Ranar bai taɓa abincinsa ba. Yana ta faɗa shi kaɗai, wai yarinyar da aka haifa jiya ce za ta koya masa da'ira. Umma ta bar shi ya gaji, sannan ta ce in ƙarya yarinyar ta yi, ai ƙofar makarantar a buɗe take, ya je ya ƙaryata ta.

Da safe ya tafi da niyyar gardama. Bai dawo ba sai bayan azahar, da takarda cike da lambobi a aljihu, fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir. Tun daga ranar muka shiga uku da labarin sama. Muna cin abinci yana ba mu bayanin Malama: cewa masana sun ce da can wani ƙaton gajimare ne na ƙura da iska yake juyawa, mafi yawansa ya dunƙule a tsakiya ya zama rana, ragowar ya riƙa karo yana mannewa har ya zama duniyoyi. Ya ce shi wannan bai ba shi wahala ba, duk wanda ya taɓa juya tsohon fenti a gwangwani ya ga yadda gudaji ke haɗuwa. Huɗu na kusa da rana ƙanana ne na dutse, huɗu na nesa manya ne, babu ma ƙasar da mutum zai taka.

Sunayen ne suka fi burge shi. Biyar daga ciki tun zamanin da ake ganinsu da ido, kowace al'umma da abin da take kiransu. Rumawa sun sa musu sunayen gumakansu, mai saurin gudu suka ba ta sunan ɗan aikensu, jar kuma sunan na yaƙi. Larabawa suka ce Uɗarid, Zahra, Marriha, Mushtari da Zuhal. Biyun ƙarshe sai da aka ƙera madubin hangen nesa aka gano su, ta takwas ɗin ma da lissafi aka fara nuna inda take kafin ido ya gan ta. Wannan ya tsaya wa Baba a rai, yakan maimaita shi yana girgiza kai.

Shi ne ya tambayi Malama, idan rana ta zama kamar ƙwallon ƙafa, ina duniyarmu za ta faɗa? Ta yi lissafi, shi kuma ya mayar da shi taku. Wata Asabar ya zana rana a ƙofar makaranta, ya ɗauki gwangwanayensa ya fara ƙirga. Taku goma sha biyu, Uɗarid. Ashirin da uku, Zahra. A taku na talatin ya iso teburin mai shayi, ya ɗiga shuɗi kamar ƙwayar gero, ya kewaye shi da farin layi don kada ya ɓace, ya rubuta Duniya. Mai shayi ya duƙa ya duba, ya ce ashe duk rigimar da ake yi a cikin wannan ɗan ɗigon ake yin ta.

Marriha ta faɗa a rumfar mahauci, ya ce ja ce, ta zo gida. Mushtari, mai girman murfin kwalba, sai garejin makaniki, taku ɗari da sittin da biyar. A taku ɗari uku aka samu matsala, don shagon tela ne. Baba ya fara rubuta sunan boko, Satan, tela ya riƙe masa hannu.

"Haba yaya, dama ana cewa muna rage yadin mutane, kuma ka rubuta min wannan a ƙofa?"

Aka sha dariya, aka rubuta Zuhal, ya zana ta da zoben rawaya a kewaye, kamar yadda Malama ta ce tana da shi. Yuranus ta samu bangon wata tsohuwa mai sayar da gawayi, Naftun kuwa sai can ƙarshen unguwa a jikin tankin ruwa, taku kusan dubu, ɗigo kamar ƙwayar wake. Ya dawo gida yana ɗingishi, Umma ta dafa masa ruwan zafi tana mita, wai mutum da girmansa ya yini yana ƙirga ƙafa a titi.

Ba a yi wata uku ba sunayen suka kama. Za ka ji fasinja yana cewa direba ya sauke shi a Mushtari. Malama takan fito da ajinta su taka layin tun daga rana har tanki, Baba ya ajiye buroshi ya bi su a baya, yana gyara wa masu kuskure. Kowace shekara bayan ruwan sama yakan zagaya ya sabunta ɗigoginsa, ba wanda ya sa shi.

Da tsufa ya zo, ido ya fara rauni, ya rufe rumfa. A lokacin Malama ta zama shugabar makarantar. Wata rana ta aro madubin hangen nesa daga wata kwaleji, ta aiko aka ɗauko shi bayan magariba. Ta saita masa Zuhal, muka riƙe masa kujera. Ya daɗe da ido a jikin madubin, har muka ɗauka bai ga komai ba. Can ya ɗago, idonsa ya ciko da ƙwalla.

"'Yata, zoben nan da gaske ne. Amma na cika masa rawaya."

Washegari da hantsi ya sa na raka shi shagon tela. Ya haɗa fari da ɗan rawaya a murfin gwangwani, ya matso da fuskarsa dab da bango. Tela ya kashe kekensa don kada ƙara ta dame shi, muka tsaya muna kallo har ya gama gyara launin zoben.