Ɓarin Goron da Ya Ceci Tambayoyinmu

Duk tsawon aikina, ba na jin zan manta da wata safiya a unguwar Bulabulin.

Bayan na bar gidan rediyo, wata likita ta ɗauke ni aikin bincike a Maiduguri. Ta tsara tambayoyin auna yawan kafeyin da manya ke sha, wato sinadarin nan mai hana barci da ke cikin shayi, gahawa da goro. Ni nake karanta wa mutane tambayoyin da Hausa, sannan a gwada miyaunsu a ga ko amsa ta dace da abin da ke jiki. In ba ta dace ba, a watsar da tambayoyin, wahalarmu ta tashi a banza.

To, ba ta dace ba. Wanda ya fi ɗaure mana kai wani dattijo ne mai wankin hula a Bulabulin. Ya ce ba ya shan shayi, ba ya shan gahawa, goro kuma ko ɗaya ba ya cinyewa a rana. Amma gwajinsa ya zarce na kowa. Likita ta ce in koma wurinsa kafin ta yanke hukunci.

Na zauna gefen tabarmarsa ina kallo. Wani ya kawo hula, ya gaishe shi, ya ɓare goro ya miƙa masa ɓari. Baba ya jefa a baki. Wani ya zo karɓar tasa, shi ma haka. Kafin azahar na daina lissafi.

Na ce, "Baba, ba ka ce ba ka cin goro ba?"

Ya yi dariya. "Ɗana, guda nawa ka tambaye ni. Ni rabona da goro guda tun ina saurayi. Wannan ai gaisuwa ce. In mutum ya miƙo, sai in ce masa na ƙoshi?"

Ban san lokacin da na tare keke napep ba. Likita na jin bayanina ta miƙe tsaye tana tafa hannu. Muka ƙara tambaya kan ɓarin da ake ba mutum, muka sake zagayawa, amsoshi suka hau kan gwaji daram.

Tun ranar na gane cewa in amsa ta saɓa wa gwaji, kada a yi saurin zargin mai amsawa. A je a zauna a tabarmarsa tukuna.