Ranar da Uwani Mai Kitso Ta Sa Wayoyi a Kanta

Duk unguwar Gyaɗi-Gyaɗi an san Uwani mai kitso. Shekara ashirin da biyu tana tsaga kan mata a tsakar gidanta, ga hannu mai laushi, ga baki kamar reza. Ita masu bincike na wani asibiti a Tarauni suka nemo da kan mata ya gagare su. Wayoyi suke mannawa a fatar kai don auna wutar ƙwaƙwalwar masu lafiya, amma ina! Kitso ya hana wayoyin zama. Sau ɗaya Uwani ta dubi zanensu na inda ake manna wayoyin, ta fito da kitson da kowace tsaga ta faɗa daidai mazaunin waya. Shi ke nan, aiki ya zama nata.

Sai dai akwai tsoron da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Mahaifiyarta tana da shekara hamsin ta fara ruɗewa, yanzu ko sunan Uwani ba ta riƙe ba. Ita kuwa bana ta cika arba'in da tara, kuma makon jiya ta birkice ɗaki tana neman matsefi alhali yana hannunta.

Ranar Talata ta ce wa Saratu, ma'aikaciyar da ke kula da na'urar, "Yau ni za ki gwada."

Aka zaunar da ita gaban kwamfuta, kai duk wayoyi, aka ce ta riƙa haɗa katunan da suka dace da juna. Nan da nan ta gane da launi ake bi, ja da ja, kore da kore. Tana cikin tafiya sumul sai allon ya nuna kuskure. Ta sake. Kuskure! Innalillahi, ashe ciwon mahaifiyarta ya iso? Ta rabu da launi ta bi siffa, ta haɗa tauraro da tauraro. Daidai.

Ana gamawa ta damƙe hannun Saratu. "Kar ki ɓoye min, 'yar nan. Sau biyu na faɗi."

"Haba Anti Uwani! Da gangan na'urar ke sauya doka ba sanarwa, kowa sai ya faɗi a nan. Ke kin ma juya da wuri."

"To ciwon Innata fa? Ba ya kaina?"

Saratu ta daɗe tana kallon layukan awon ƙwaƙwalwar da ke kan allon. "Wallahi ba zan yi miki ƙarya ba, wannan gwajin ba ya nuna shi. Sai kin ga likita."

Uwani ta ce a hankali, "To rubuta min sunan likitan da zan gani a takarda, kar na manta."