Injiniya da Tagar Tikiti

An haifi marigayiya, wadda jama'a suka fi sani da Injiniya, a shekarar 1968, a wani gida mai ɗaki biyu da ke bayan tsohon filin ƙwallon garinsu. Mahaifinta mai gyaran rediyo ne, mahaifiyarta tela, ita ce kuma babba cikin 'ya'yansu huɗu.

Ƙuruciya da karatu

Tun kafin a sa ta firamare a 1974, duk ranar da ƙungiyar ƙwallon garin ke wasa mahaifinta yakan rufe shago, ya riƙo hannunta su bi layi a tagar sayar da tikiti. Dattijon yana da aƙida guda: bai taɓa shiga fili kyauta ba, ko da mai tsaron ƙofa amininsa ne, domin a ganinsa wanda bai sayi tikiti da hannunsa ba, ba shi da bakin zagin alƙalin wasa. Wannan taurin kai kaf ta kwaso shi. Ta kammala sakandare a 1985, ta sami digiri a fannin kwamfuta a 1991.

Aiki da iyali

Ta yi shekara bakwai tana aiki a banki, a nan ta haɗu da mijinta, wani malamin lissafi mai haƙuri, suka yi aure a 1994, Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku. A 1999 ta ajiye aiki ta kafa kamfaninta a garejin gidansu, da tebur biyu da fanka mai ƙara. Kamfanin ya yi fice wajen ƙera manhajar biyan kuɗi ta waya, har ta kai mai shago da mai tasi ba sa rabuwa da ita. Ma'aikatanta sun shaide ta da adalci, sun kuma shaida cewa ba ta jure ganin mutane a layi. In ta ga layi, to, ta ga aikin da ba a gama ba.

Sayen ƙungiya

A 2014 ƙungiyar garin ta kusa rushewa, Injiniya ta saye ta, ba ta kuma ɓoye wa kowa cewa don mahaifinta ta yi ba. Burinta ɗaya ne, ta ga ya zauna yana kallon ƙungiyar da ya yi shekara hamsin yana wahala a kanta, a filin da 'yarsa ta gina. An buɗe sabon filin a 2017, kuma bisa umarninta ba a yi masa tagar tikiti ba. Ta waya ake saye, waya ake nuna wa na'ura ƙofa ta buɗe.

Ranar wasan farko ta tanadar wa dattijon kujera kusa da tata, ta aika mota, ya mayar da ita, ya ce yadda ya saba zuwa haka zai zo. Aka yi wasa aka tashi, kujerar ba kowa. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ta ɗauka fushin barin tsohon fili yake yi. Ba ta tambaye shi dalili ba. Shekara biyu tana zuwa gaishe shi duk mako, su taɓa kowace hira ban da ta ƙwallo.

Ya rasu a 2019. Bayan an watse daga zaman makoki mahaifiyarta ta ce mata, "Ai ya je, 'yar nan. Sau biyu ya zagaya filin yana neman taga. Da ya rasa, ya dawo ya kunna rediyonsa." Ta ce, "Inna, me ya hana ya ce shi ne mahaifina?" Tsohuwar ta ce, "Ke ba ki san ubanki ba ne?"

Shekarun ƙarshe

A watan da ya rasu ta sa aka fasa bango kusa da babbar ƙofa aka yi taga, aka zaunar da ma'aikaci. Ta daina hawa wurin manyan baƙi. Duk ranar wasa takan bi layi da tsofaffin gari ta sayi tikiti biyu, ta miƙa ɗaya a ƙofa. Ƙungiyar ta ci kofi a 2021, amma iyalanta sun ce murnarta ba ta kai zuci ba. A shekarar ta sauka daga shugabancin kamfani saboda ciwon zuciya.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa a 2023, tana da shekara hamsin da biyar, aka yi mata sutura aka binne ta a maƙabartar da mahaifinta yake. Ta bar mahaifiyarta da mijinta da 'ya'ya uku: babban likita ne, mai bi masa lauya ce, autar kuwa ita ke riƙe da ƙungiyar. Da aka zo raba kayanta, aka tarar da tsohuwar rediyon dattijon a ɗakinta, a gefenta kuma ga tarin tikitin da ba a yaga ba. Allah ya jiƙan su da rahama.