Shayin Baba a Kan Inji

Mahaifina yana da wata al'ada. Duk lokacin da ya gama gyaran motarsa, tsohuwar motar Amurka mai silinda takwas wadda ta girme ni, sai ya tayar da ita ya ɗora ƙaramin kofin shayi a kan murfin inji. Idan shayin bai motsa ba, aiki ya yi kyau. Sai ya ɗauka ya shanye a tsaye, yana kallonmu kamar shi ya ƙera ta.

Da idonsa ya mutu, motar ta yi shekaru a lulluɓe a ƙofar gidanmu a unguwar Zahir, a Makka. Ni na ce zan tashe ta, kuma na yi masa alkawari da bakina cewa shi zai fara ɗora mata shayi.

Na kai ta warshar abokinsa, tsohon bakanike da suka taso tare a unguwar Nakkasa, wanda muke kira Kawu. Ya buɗe inji ya ce kamshaf ya cinye, wato sandar ƙarfen nan da ke buɗe bawul tana rufewa. Ya ajiye guda biyu a gabana.

"Wannan irin na asali ne, lafiya lau zai kai ka ya dawo da kai. Wancan na 'yan tsere ne, ba ya jin daɗi sai inji na ihu. Kai kuwa a Makka kake, ya waladi, ɗana, daga hawa sai gangara sai cunkoso. In ka tsaya, karkarwa za ta riƙa yi."

Ni kuwa na cika kaina da bidiyon motoci masu gurnani, dugum-dugum. Ƙato da ni, da furfura a gemu, so nake in shiga unguwar Aziziyya kowa ya waiwayo. Na ce a sa na tseren.

"Ka tambayi mai motar?"

"Na tambaye shi, Kawu." Wallahi ban tambaya ba.

Ranar da na kawo ta, bayan la'asar, Baba ya sa farar jallabiyarsa, na riƙo hannunsa muka fito. Umma ta miƙa masa shayi. Na murza makulli, motar ta ɗauki rawa kamar mai zazzaɓi. Fuskarsa ta canza tun kafin ya taɓa ta, amma ya laluba ya ɗora kofin. Shayi mai zafi ya fantsamo masa a hannu, ya ɓata masa hannun riga.

Ya daɗe yana saurare. Ni dai ƙasa nake kallo, ina jiran faɗa.

"Allah sarki," ya ce a hankali, "hannun Kawunka ya tsufa. Kada ka gaya masa na gane, zai ji kunya."

Kalma biyu ce kawai: ni ne. Amma na kasa faɗa.

A makon na mayar da ita Kawu ya sa na asalin. Yanzu shayi na zama a kanta ko gezau. Amma har yau in Kawu ya zo gaisuwa ya ɗauko zancen motoci, sai Baba ya yi sauri ya kawar da maganar, don kada abokinsa ya muzanta. Ni ne nake zuba musu shayin.