Jakar Baduku Mai Cindo

Ni ba marubuci ba ne. A aji biyu na sakandare na tsaya, kuma har yau ban ga abin da waɗanda suka ƙarasa suka fi ni da shi ba sai iyayi. Sana'ata gyaran rediyo, a wata 'yar rumfa kusa da Ƙofar Nassarawa. Da can layi ake yi mini. Yanzu wuni nake ina korar ƙuda, don kowa ya maƙala waya a kunne. To mutumin da waya ta kashe wa kasuwa, me ya kai shi zama a gabanta yana tatsuniya? Nima tambayar da nake yi wa kaina ke nan.

Kakata ce mai tatsuniyar, mahaifiyar babana. Iya Abu muke ce mata. In an sauke tuwon dare aka yi sallar isha'i, ba ta bari a kashe murhu. Sai ta jawo kujerarta 'yar tsuguno, ta tona garwashi da tsinke, ta tura mana gyaɗa cikin toka. Mu jikoki mu kewaye ta, hayaƙi na shiga mana ido, ba mai motsawa. Ni take zaunarwa kusa da ƙafarta, tana ce mini, "Matso nan, mijin banza, mai gidan da ba ya cefane."

Amma Iya ba ta fara magana sai ta yi abu ɗaya. Sai ta zaro itace mai wuta ta ɗaga, ta haska fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya.

"Wane ne wancan a bayan randa? Fito in gan ka. Ni ba na yi wa duhu tatsuniya."

Sai ta tabbatar da kowa, sannan ta ce, "Ga wata nan ta taho, wa zai tare ta?" Mu ce, "Mun tare ta, Iya."

Shekarar da soja suka fara mayar wa farar hula mulki, ina ɗan shekara tara. Motocin jam'iyya suna ta zagaya cikin birni da lasifika, mu muna bin su da gudu. Iya kuwa in ta ji su sai ta ja tsaki ta ce, "Abin nan ya dawo. Kowa ya kama bakinsa." Mijinta, kakana, marini ne. Ban riske shi ba. Abin da na sani kawai, an taɓa ɗaure shi a siyasar farko, ya fito da tari, tarin ne ajalinsa. A wannan shekarar Iya ta fi yawan yi mana tatsuniyar jaka.

Wai an yi wani baduku mai cindo a hannun dama, gidansa a bakin rijiya, ƙarƙashin durumi. Ya ɗinka wata jakar fata ya rataye a zaurensa. Mutum ne mai fara'a, zaurensa ba ya rabo da 'yan hira, ga goro, ga fura. Ashe duk maganar da ta fito daga bakin mutum, jakar nan take faɗawa. In mutane sun watse sai ya ɗaure bakinta, ya kai wa manya, su kwance su saurara. Yana da amini, wani marini, kwano ɗaya suke ci. Ran nan marini ya gaji, ya ce, "Wannan haraji dai ya isa." Kalma huɗu ko biyar. Da gari ya waye sai ga dogarai a bakin karofi, wurin rininsa, suka tafi da shi, hannunsa ko bushewa bai yi daga shuni ba. Jaka kuwa ta yi ta ci har ta ƙoshi. Wata rana baduku ya ratsa kasuwa da ita, sai ɗinkin ya ɓalle. Maganganun mutane suka tashi kamar fara, kowace tana neman mai ita. Ta ƙarshe da ta fito muryarsa ce shi kansa, tana cewa, "Ranka ya daɗe, na kawo."

Nan Iya take tura itacen cikin toka ta ce, "A nan aka ji ta, a nan za a bar ta. Ku tashi."

Akwai wani abu da na lura da shi tun a lokacin. Maƙwabcinmu Sani, sa'ana, yakan shigo sauraro. Duk daren da wutar Iya ta haska fuskarsa, sai badukun ya ɓace. Mai jakar ya koma kura, marini ya koma bunsuru, ba rijiya, ba durumi, ba cindo. Na taɓa cewa, "Iya, ai baduku ne." Ta ɗaka mini duka a cinya ta ce, "Kai ne kake yi ko ni?" Na ɗauka tsufa ne yake sa ta mantuwa. Ko dai in ce haka na gaya wa kaina.

Ni da Sani mun girma a lungu ɗaya, mun tsufa a cikinsa. Fiye da shekara talatin, kullum bayan magariba kwanonsa da nawa suna haɗuwa a dakalin ƙofar gidana. 'Ya'yansa sun yi kasuwa sun yi masa bene. Ni har yanzu soron ƙasa nake yaɓewa duk damina. Bai taɓa nuna mini komai ba. Amma ni ina kallon benen.

Bara 'yata Bilkisu ta zo mini da magana. Ta gama kwaleji, ba aiki, sai ta buɗe shafi a wurin nan da ake ɗora bidiyo, tana nuna wa duniya yadda ake dambun shinkafa.

"Baba, mutane suna son tatsuniyar da. Ka zauna in ɗauke ka."

"Su wa?"

"Masu kallo."

"Su waye masu kallon? 'Ya'yan wa? A wace unguwa suke?"

Ta yi dariya. "Baba, kai dai komai sai ka yi zargi. Duniya ce gaba ɗaya."

Na ce ban yarda da duniya ba. Na ce wanda ya ba ka wurin ajiye maganarka kyauta, akwai inda yake kai ta. Ta ce ai tarihi ne, in na mutu da shi ya tafi. Ta ce babu wanda ya iya ta kamar ni. Wannan maganar ce ta kama ni. An daɗe ba a ce na iya wani abu ba.

Ranar da za a ɗauka, da rana tsaka, ta hura gawayi a kasko ta ajiye gabana, wai don a ga wuta. Na ce mu a gidanmu ba a tatsuniya da rana. Ta ce da dare hoto ba ya fita. Ta kafa wayar a kan sanda mai ƙafa uku, ta kunna wata fitila mai kama da zobe a fuskata, ta maƙala mini ɗan abin magana a wuyan riga kamar kaska. Sau uku muna sakewa. Na farko akuya ta yi kuka, na biyu mai tallan ruwa, na uku na kalli ƙasa. "Baba, cikin idon wayar za ka kalla." Na kalla. Ɗan baƙin rami ne, ba kowa a ciki.

Sai ta ce, "Ta jakar nan za ka yi, ta asali fa, yadda take."

Na yi ta asali. Baduku, cindo, rijiya, durumi, ban bar komai ba.

Kwana biyu tana gyara. Ta yanke tarina, ta sa kiɗan gurmi a ƙasa, ta zaɓi hoton da na hangame baki ta sa a gaba. Da ta nuna mini, na ga ta cire rufewar Iya. A wurin sai ga muryarta: "Ku danna, ku tura wa 'yan'uwa."

"Ina 'a nan za a bar ta'?"

"Baba, in an bar ta a nan wa zai gani?"

Ta hau kan soro neman sabis, tana riƙe da wayar sama, wani ɗan zobe yana ta juyawa. Ta leƙo ta ce, "Ya hau!"

Kwana huɗu ina jin daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Har a rumfa wani ya ce ya gan ni. A na biyar, na fito da kwanona bayan magariba, na Malam Sani bai fito ba. Na ce ko zazzaɓi ne. Washegari ma haka. Na ce to, mai bene ya fara jin kunyar dakali. A rana ta uku Bilkisu ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ta karanta mini abin da wani ya rubuta a ƙarƙashin bidiyon. Ba suna, ba fuska. Cewa ya yi duk tsohon ɗan unguwar ya san gidan bakin rijiya, ya kuma faɗi sunan gidan, ya ce ashe jikokin ɗan rahoto ne suke gina bene. Wasu sun bi baya suna ta dariya.

Na ce ta sauke shi yanzu-yanzu. Ta sauke. Ta ce, "Amma Baba, an riga an kwafa. Yana ta yawo a wayoyi."

Na sami Malam Sani a zaurensa. Na yi sallama, ya amsa, ya nuna mini tabarma. Bai ɗaga murya ba. Hannunsa na dama kawai ya miƙo, ya juya gefen ƙaramin yatsa. Wani ɗan tabo ne kamar ƙwayar gero, inda wanzami ya cire cindo yana jariri.

"Shekara nawa wannan hannun yana shiga kwanonka, Mudi?"

Na zuba wa tabon ido.

"Jikata ta dawo daga Islamiyya tana kuka. Wai an ce mata 'yar mai jaka."

"Wallahi, Malam, ban san..."

"Kada ka rantse." Ya gyara zama. "Ni na sani tun muna yara. Ta bayan katanga nake jin ta baduku, in na shigo ta koma ta kura. Iya Abu ta rufa mini asiri har ta koma ga Allah. Kuma bari ka ji. Mu ma kakarmu tana da tata. Ta wani marini mai dogon baki, wanda ya yi ta surutu a kasuwa har aka kama shi, ya rasa wanda zai ɗora wa laifi sai amininsa. In kana nan, sai ya zama kwaɗo."

Na tuna kwaɗon. Har dariya na sha yi masa.

"Wacce ce gaskiya?" na ce.

"Kakanka da nawa, su biyun sun mutu, matansu sun mutu. Wa zan tambaya?" Ya miƙe, alamar in tafi. "Ni ma ina da jika mai waya, Mudi. Ba zan zauna mata ba."

Na yi zargin kowa a kan wannan abu. Na zargi Bilkisu da neman suna da bakina. Na zargi masu shafin, na zargi marar fuskar da ya yi rubutu. Har Iya na zarga, na ce ko ƙiyayya ta dafa mana ta zuba a kwanon tatsuniya. Da can na ɗauka darasin jakar shi ne ka yi hankali da zauren da kake magana. Sai yanzu na gane darasin ba a cikin labarin yake ba. Yana cikin itacen nan da take ɗagawa kafin ta buɗe baki. Ciwonta ne, ba ta iya haɗiye shi ba, amma ba ta taɓa bari ya taɓa yaron da bai san komai ba.

Saura mutum ɗaya da ban so in zarga ba. Rijiyar tana nan, an rufe ta da kankare. Kututturen durumin yana nan, kullum ta gabansa nake wucewa. Tabon nan kuma na sha ganinsa a bakin kwano. In na ce ban sani ba, wa zai yarda? Ranar da nake kallon ramin wayar ina cewa "cindo", benen ne a raina ko Iya? Wallahi ban iya rantsewa.

Har yau ina fito da kwanona bayan magariba. Ina zama a gefe ɗaya na dakalin, in bar ɗaya gefen. Malam Sani yana wucewa masallaci, ya yi sallama, in amsa. Hannunsa na dama yana cikin aljihu.