Ƙafar Baba da Ranar Tashin Matattu

Edita, ina roƙon wuri in faɗi abin da ya daɗe yana cina, ko wani zai amfana. A shekarun farko bayan samun ƴancin kai, ni saurayi ne a Tawa, ina koyon ɗinki wurin wani tela a bakin kasuwa. Na gama lakwal, wato makarantar firamare, don haka ni nake karanta Littafi ranar Lahadi a taronmu na Kirista, mu da ba mu cika ɗaki guda ba. Tun ina yaro nake da wasiwasi. In na yi addu'a sai in sake, don tsoron na tsallake wani abu. Babu abin da nake gudu kamar in faɗi magana a kan Allah wadda ban gan ta a rubuce ba.

Mahaifina mai haƙar rijiya ne a wani ƙauye wajen Takanamat. Shi ya fara ba da gaskiya a gidanmu, kuma ya sha wuya: aka daina cin tuwo da shi, dangin mahaifiyata suka ɗauke ta. Bai iya karatu ba. Abin da ya riƙe shi ne, wanda ya jure wahala saboda Almasihu zai tashi daga matattu da jikinsa, ya karɓi ladansa a sama. Da wannan yake kwana, da shi yake tashi.

Wata rana da rani dutse ya suɓuce daga bakin rijiya ya murƙushe masa ƙafar hagu. Aka yi ɗorin gida, ya ƙi. Kafin gwaggota, yayarsa, ta samo motar da ta kawo shi asibitin Tawa, ƙafar ta yi baƙi har gwiwa, tana wari. Likita ya ce sai an yanke, in ba haka ba ruɓar za ta hau. Baba ya tambayi inda ake kai ƙafar da aka yanke, aka ce ana binne ta a nan garin. Shi kuwa ya daɗe da cewa a ƙauyensu za a binne shi. Sai ya ce ba a taɓa shi sai ɗansa ya zo.

Da na shiga ya yi mini dariya, ya kira ni malamin gida, ya ce ga aiki ya samu. Ya ce in duba masa, ranar da aka busa ƙaho, in shi yana arewa ƙafarsa tana Tawa, wa zai kai masa ita? Wai shi bayan duk abin da ya sha, ba zai je gaban Ubangiji yana ɗingishi da ƙafa ɗaya kamar shamuwa ba. Wasa yake yi, amma ya riƙe hannuna gam. Ya ce kalma ɗaya yake so daga bakina, in na ce za a mayar masa da ita, a kira likita yanzu.

Ban faɗa ba. Na ce ya bari in duba. Na koma ɗaki na yi ta buɗe shafuka. Na ga inda aka yi zancen sabon jiki, amma ban ga inda aka ambaci gaɓar da aka binne a wani gari ba, sai zuciyata ta ce in na yi alkawari da sunan Allah bai tabbata ba, na halaka mu duka biyu. Gwaggo, wadda musulma ce, ta tare ni a gindin bishiyar bedi ta kama rigata. Ta ce ɗan nan, wanda ya yi ƙafar tun farko shi zai kasa nemo ta? Ta ce ko ƙarya ce in shiga in yi, alhakin a wuyanta. Na ce mata ba haka ake yi a wurinmu ba, a jira fastonmu, wanda ya yi tafiya wajen Maraɗi. Ta dube ni ta ce karatu ya cinye mini tausayi.

Kullum na je Baba yakan tambaye ni ko na samo, kullum in ce saura kaɗan. Daga baya ya daina tambaya. Zazzaɓi ya rufe shi, likita ya ce lokacin yanka ya wuce. Fasto ya dawo Baba na numfashin ƙarshe. Da na kai masa tambayar, bai ko buɗe Littafi ba, ya ce ai cikakke zai tashi, ko da kura ce ta cinye shi. Ya tambaye ni me ya hana in faɗa masa haka.

A wurin jana'iza masu bi suka yi ta ta'azantar da ni, wai Baba ya gama tserensa, ladan wahalarsa na jiransa. Ni dai ta'aziyyar ba ta shige ni ba. Ƙin da aka yi masa a ƙauye, wannan saboda bangaskiya ne, na yarda. Amma ciwon ƙarshe ba wanda ya ɗora masa don Almasihu, jirana yake yi. Ban san ko akwai lada a kan irin wannan ba, kuma duk wanda na tambaya amsarsa ba ta kwantar mini da rai.

Yau na fi Baba shekaru. Abin da na gane shi ne, mai ciwo in ya tambaye ka zancen sama, ƙarfin da zai jure yake nema, kuma ba ya da lokacin jiran bincikenka. Ku da ake dogara da karatunku, ku faɗi abin da kuka sani game da jinƙan Allah tun mutum yana ji. Ni har yanzu na gaskata da tashin matattu, shi ya sa ba na samun barci. Sauran masu bi suna marmarin ranar, ni kuwa na san Baba zai neme ni a cikin taron, kuma ban shirya abin da zan ce masa ba.